Wayar da Na Cire

Akwai wata tsohuwar amfilifaya ta jita a majami'armu nan Tamale, baƙa ce, mai nauyi, fatar jikinta ta soma ɓarewa a kusurwoyi. Gwanjo ce, irin kayan da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, su biyo ta Kumasi kafin su iso mana arewa. Da kuɗin da matan zumunta suka tara daga sayar da man kaɗe da ƙuli-ƙuli, da ɗan abin da matasa suka kawo, aka saye ta. Ni ne katikis, mabuɗin ɗakin ajiya yana hannuna, saboda haka duk abin da ya sami kayan nan ni ake tambaya. Labarin da zan ba ku labarin kuskure ne, kuskuren kuwa nawa ne. Na rubuta shi domin na san akwai wurare da yawa, daga nan har Yendi da Bolgatanga, har can Kano da Maraɗi, inda ake yin abin da na yi, ana kuma ganin dabara ce.

Karatuna bai wuce firamaren mishan ba. Ina ƙaramin yaro aka jawo wutar Akosombo zuwa arewacin Gana, wajen ƙarshen shekarun 1980, tun daga lokacin kuwa nake sha'awar duk abin da ke da waya a ciki. Na kwance tocila, na kwance rediyon mahaifina, na sha duka, ban daina ba. Da na girma, ni ke sauya ƙwai in ya mutu, ni ke ɗaura fulogi, ni ke liƙa wayar makirfo da dalma. Mutane suka riƙa yabona, ni ma na soma yarda da yabon. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A da ina jin wannan karin magana kamar da wasu ake.

Mai kaɗa mana jita ɗan ƙanwata ne, saurayi mai hannu. Abin da ya fi so a jikin amfilifayar shi ne wani ɗan makunni da ake murɗawa, wanda ke sa sauti ya yi amsa-amo. In an murɗa shi, sai ka ji kowace tsirkiya da aka taɓa tana jan wutsiya, kamar ana kiɗan a cikin babban ɗaki mai tsawon rufi. Ya fi amfani a ranakun da muke taro a waje ƙarƙashin itatuwan darbejiya, inda sauti yakan mutu da zarar ya fito, gama babu bangon da zai mayar da shi.

Bari in gaya wa mai karatu abin da ke yin wannan aiki, gama sai an gane shi za a gane sauran labarin. A ƙasan akwatin amfilifaya, cikin wata jakar leda mai kauri, akwai wani dogon kwano na ƙarfe wanda masu gyara ke kira tanki, ko da yake babu ruwa a ciki. Abin da ke ciki sifirin ne guda 2 ko 3, sirara, a miƙe daga wannan gefe zuwa wancan. A gefe ɗaya akwai ɗan naɗin waya da maganaɗisu, wanda ke karɓar sautin jita ya girgiza sifirin da shi. Girgizar ta bi sifirin ta je ƙarshe, ta dawo, ta sāke komawa, tana raguwa a hankali. A ɗaya gefen akwai wani naɗin wayar da ke jin girgizar ya mai da ita sauti. Wayoyi biyu ke haɗa kwanon da amfilifaya: ta shiga da ta fita. Dabarar ta fito ne daga Amurka. Laurens Hammond, wanda ya fito da molon lantarki mai suna Hammond a 1935, ya ga cewa a ƙananan ɗakuna molon ba ya ƙara irin ta manyan majami'un dutse, sai kamfaninsa ya shiga amfani da sifirin don ya ara masa wannan amo. A 1961 kamfanin Fender ya sa irin wannan kwano cikin akwati dabam domin masu jita, a 1963 kuma ya sa shi cikin amfilifayar kanta. Har yau ana ƙera su, fasalinsu bai sauya sosai ba.

Namu kwanon ya mutu ne a hanya. Mun dawo daga wani taro a ƙauye, kayan suna bayan babur mai ƙafa uku, hanyar kuwa duk ramuka, sai sifirin ɗaya ya tsinke daga maƙalinsa. Yaron ya yi makonni yana kiɗa ba amsa-amo, fuska a murtuke. Rannan ina yawo cikin kasuwa wajen masu sayar da matattun rediyo da sifiku, sai na ga wani kwanon da aka ciro daga wata amfilifaya. Tsawonsu ɗaya da namu, ramukan kusoshi ma wuri ɗaya. Na saya da araha, na kawo, na ɗaura da hannuna, na soke wayoyin biyu. Da yaron ya taɓa tsirkiya, sai ga amsa-amo ya dawo. Amma bai dawo shi kaɗai ba. Ya zo da wani ƙugi mai kauri, wanda ba ya hawa ba ya sauka, kamar babbar mota ta tsaya a ƙofa ba a kashe injin ba. In an rage makunnin amsa-amo, ƙugin ya ragu. In an ƙara, ya cika ɗaki. Mai kaɗa mana molo ya lalubi muryar ƙugin a kan molonsa, ya ce tana kusa da G na can ƙasa.

Lahadi uku muka yi da wannan ƙugi. Tsofaffi suka fara gunaguni, suna cewa ba sa jin karatu. Wata dattijuwa ta tare ni bayan sujada ta ce, "Malam, wannan abin naku yunwa yake ji ne?" Aka yi dariya, ni kuwa abin ya sosa mini rai, gama kowa ya san ni na taɓa shi.

Sai wani mai hayar kayan sauti na biki ya ba ni shawara. Ya ce ai wayar ƙasa ce ke kawo ƙugi, su duk sun cire tasu. Fulogin da muke amfani da shi a Gana irin na Ingila ne, mai ƙafa 3. Waya mai ruwan ƙasa ita ke kawo wuta, shuɗiya ita ke mai da ita, ta ukun kuwa, mai ratsin kore da rawaya, tana zaune kamar ba ta aikin komai. Ran Asabar da yamma, ni kaɗai a majami'a, na kwance fulogin, na zare wannan wayar ta uku, na lanƙwashe ta, na naɗe da salatif, na mayar da murfi. Na kunna. In faɗi gaskiya, ƙugin bai tafi ba. Ni dai na ce wa kaina ya ɗan ragu, gama ina so ya ragu. Muka riƙa rage makunnin zuwa rabi, muka saba da abin da ya saura. Wayar kuwa na manta da ita a yadda na bar ta.

Rani ya wuce, ba abin da ya faru. Damina ta sauka. Wata ranar Alhamis cikin watan Agusta, an kwana ana ruwa, daɓen simintin majami'a ya yi sanyi ya jiƙe ta wajen taga. Mawaƙa suna koyon waƙa. Yaron ya tuɓe takalmansa a ƙofa saboda taɓo. Hannunsa na hagu yana kan tsirkiyoyi, ya sunkuya zai ba da murya a makirfo, leɓensa ya taɓa ƙarfen. Na ji wata ƙara, tas, na ga ya yi baya ya faɗi kan benci, jitar ta bugi ƙasa, sifirin cikin kwanon suka yi tsawa kamar aradu. 'Yan mata suka yi kururuwa. Wani ya yi wuf ya kashe wuta daga bango. Da muka ɗaga shi yana numfashi, jikinsa na rawa, leɓensa na ƙasa ya ƙone kaɗan. Ya dube ni ya ce, "Kawu, abin ya kama ni." Muka kai shi asibiti, aka duba bugun zuciyarsa, aka riƙe shi har safe. A daren nan ina zaune a bencin asibiti kusa da ƙanwata, ita tana cewa tsautsayi ne, ni kuwa na tuna da wayar da na naɗe da salatif, na kasa buɗe baki.

Washegari na ɗora amfilifayar a bayan babur na kai ta Zango, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo wanda na sani tun ina yaro. Musulmi ne, shi ke gyara lasifikan masallatai da yawa a unguwar, tun zamanin rediyo mai kwalba yake wannan aiki. Bai ce komai ba sai da ya fara kwance fulogin. Ya ga wayar a lanƙwashe, ya ɗaga kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Kai da kanka, Malam? To, zauna. Yau kai ne ɗalibi."

Ya buɗe bayan akwatin, ya hana ni sa hannu, ya ce akwai wasu ƙananan gwangwanaye a ciki masu riƙe wuta ko bayan an cire fulogi, a irin masu kwalba ma sukan riƙe fiye da bolt 400. Sai da ya sauke wutar da ke cikinsu, sa'an nan ya haska tocila. Can wajen da wayar wuta ke shiga, ɓera ya ɗan ci robar, girgizar tafiye-tafiye kuma ta sa wayar tana gogar gangar jikin ƙarfen. Ya ce, "Ka gani? Wutarmu bolt 230 ce. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da wannan ƙarfe ta cikin wayar jitar, haka ake ƙera su. Da wayar ƙasa tana nan, ranar da wannan ta taɓa ƙarfe, wuta za ta bi ta da gudu, fis ya ƙone, amfilifaya ta mutu, ku yi ta mita kuna neman fis. Da ka cire ta, wutar ta rasa hanya, ta zauna a jikin tsirkiya tana jira. Yaron ya zo da ƙafa a jiƙe, ya sa baki a makirfo, ya zama shi ne hanyar. Sa'arsa taɓawar ba ta kama sosai ba, faɗuwar kuma ta raba shi da ita."

Na ce, "Baba, to ƙugin fa? Ai shi na so in kashe."

Ya ce, "Ƙugin ba daga nan yake ba. Ƙasa iri biyu ce a cikin wannan aiki, ku kuma kuna haɗa su. Akwai ƙasa ta tsaron rai, ita ce ka cire, ba a taɓa ta ko da wasa. Akwai kuma ƙasa ta sauti, wato rigar da ke lulluɓe da wayar sauti don ta kāre ta daga hayaniya. Ciwonka yana wajen ta biyun, ka je ka yanke ta farkon."

Sai ya nuna mini yadda ake bin sawun abin, ba da ka ba. Ya gyara wayar wuta, ya mayar da wayar ƙasa, ya kunna. Ya rage makunnin amsa-amo har ƙarshe, ƙugi ya ɗauke. Ya ce to ɓarawon yana unguwar kwano. Ya ƙara makunnin, ya zare wayar shiga daga jikin kwanon ya bar ta fita, sai ƙugin ya faɗi ƙwarai. Ya kashe, ya ɗauko mita, ya sa baki ɗaya a jikin kwano, ɗaya a bakin ramin fita: mita ta yi ƙara. Ya sa a bakin ramin shiga: ta sāke yin ƙara. Ya ce in kawo tsohon kwanon, na kuwa zo da shi. A nan ramin fita ne kaɗai ya yi ƙara, na shiga shiru.

"Ga bambancinsu," in ji shi. "Tsohon naku, ta wuri ɗaya jikinsa ke haɗe da ƙasa. Wannan da ka sayo, ta wuri biyu. Dubi: riga ta fito daga amfilifaya, ta bi wayar shiga, ta ratsa jikin kwano, ta koma ta wayar fita. Ka ga zobe ke nan. Taransifoma kuwa yana nan kusa, yana hura maganaɗisu sau 50 a kowace daƙiƙa, gama haka wutarmu take juyawa. Duk zoben waya da ke kusa da shi sai ya ɗauki wannan juyi. Sautin da ke fitowa daga sifirin kuwa ɗan mitsitsi ne, sai an ƙara masa ƙarfi ninki da yawa, ana ƙara shi ana ƙara ƙugin tare."

A nan na gane abin da mai molo ya ji. Juyi 50 a daƙiƙa murya ce, tana kuwa dab da G na ƙasa. A Amurka, inda wutarsu ke juyawa sau 60, ƙuginsu ya ɗan fi namu sirantaka.

Baba ya juya tsohon kwanon ya nuna mini wasu haruffa da lambobi guda 7 da aka buga a jikinsa, waɗanda na sha gani ban taɓa tambayar ma'anarsu ba. Tsari ne da kamfanin Accutronics ya kafa, sauran maƙera da yawa suna binsa. Na farko girman kwano ne, na biyu da na uku nauyin naɗin wayar shiga da ta fita, na huɗu tsawon jan amo. Na biyar shi ne maganarmu. In A ne, ramukan biyu duk a haɗe suke da jikin kwano. In B ne, na shiga ne a haɗe. In C ne, na fita ne kaɗai. In D ne, babu ko ɗaya. Wanda aka saba sa wa amfilifayoyin Fender masu kwalba, alal misali, 4AB3C1B ne. Tsohon namu C ne, wanda na sayo A. Harafi ɗaya tak. Na auna tsawo, na auna ramukan kusoshi, abin da ya kamata in karanta ban karanta ba.

Na ce to a yanke rigar wayar shiga mana, zobe ya tsinke. Ya girgiza kai, ya ce ta cikin rigar nan sautin ke komawa, in an yanke ta amon ma ya tafi. Abin da ake so shi ne rigar ta isa ga naɗin waya amma kada ta taɓa jikin kwano. Ya kwance ramin shiga, ya sa masa 'yan zobba na fiba ciki da waje don su raba shi da ƙarfen, ya liƙa wayar komawa kai tsaye, ya sāke aunawa: shiru. Ya auna naɗin wayoyin kwanonin biyu, ya ce Allah ya taimake ni sun yi kusa da juna, da sun bambanta da ko amon kirki ba zan samu ba. Sa'an nan ya lura na ɗaura kwanon a juye, gefen fita yana ƙarƙashin taransifoma. Ya juya shi ya nisanta, ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya mayar da shi cikin jakarsa, ya bar kusoshin sakwa-sakwa don kada girgizar sifika ta kama shi. Ya kunna, ya murɗa makunnin har ƙarshe. Sai wani ɗan huci siriri kawai, kamar iska a cikin ciyawa. Kuɗin zobban fiban bai kai na kwanon koko da ƙosai ba.

Ban tsaya nan ba, gama Baba ya ce wayar ƙasa ba ta da amfani in ba ta isa ƙasa ba. Muka kira mai haɗa wuta wanda ke da takardar shaida ta Hukumar Makamashi ta Gana, kamar yadda dokar haɗa wayoyi ta 2011 ta tanada. Ya bi wayar majami'a har bayan gini, ya tarar ta ci tsatsa ta rabu da sandarta tun ba a san rana ba. Ya kafa sabuwar sanda mai rufin jan ƙarfe, ya nitsar da ita sosai, ya ce ƙasarmu ta nan marmara ce, da hunturu takan bushe ƙayau, busasshiyar ƙasa kuwa ba ta karɓar wuta da kyau, don haka a riƙa aunawa da rani. Ya kuma sa mana wata 'yar na'ura a akwatin wuta wadda ke yanke wuta da kanta da zarar miliamfiya 30 ta ɓace daga hanyarta. Majalisar ikilisiya ta yi jayayya a kan kuɗin. Na tashi na faɗi abin da na yi da fulogin, daga farko har ƙarshe. Ba wanda ya ƙara jayayya.

Kada wani ya ce wannan abu na ƙauyawa ne ko na matalauta. A 1972 wani makaɗin jita ɗan Sikotlan, Les Harvey, ya mutu a kan dandamali a garin Swansea, a gaban jama'a, da ya taɓa makirfon da ba a haɗa shi da ƙasa ba. A 1976 Keith Relf, mawaƙin Ingila wanda ya yi suna da ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa wuta ta kama shi ta jikin jita. Waɗannan mutane ne masu kayan aiki na gari. Wuta ba ta tambayar sunan kowa.

Abin da ya fi mini wuya shi ne ƙanwata. Na je gidanta da dare, na zauna a tabarma, na ce, "Ba tsautsayi ba ne kaɗai. Hannuna yana ciki." Ta daɗe ba ta yi magana ba. Can ta ce, "Yaya, da ka yi shiru da ban sani ba." Na ce shi ya sa na zo. Ta yi wata guda tana gaishe ni a taƙaice, ni kuwa ban ga laifinta ba. Yaron ne ya fara sakin fuska. Ya ce, "Kawu, ai yanzu amon ya fi na da daɗi."

'Yan'uwa masu riƙe da mabuɗan ɗakunan ajiya, ga abin da na koya. Ƙugi ba abokin gāba ba ne, mai kawo labari ne, yana cewa akwai zobe a wani wuri, ko an sa abu inda bai dace ba. A bi shi a hankali: a rage makunni a ji, a zare waya ɗaya a ji, a karanta abin da aka rubuta a jikin kaya kafin a saya. In abin ya kai ga buɗe akwati, a kai wa wanda ya iya. Amma wayar nan mai ratsin kore da rawaya, wadda take zaune shekara da shekaru kamar ba ta da aiki, a bar ta inda take. Aikinta na rana ɗaya ne, ba kuwa wanda ya san ranar.

Yanzu kowace Asabar da yamma, in na gama share bagade da jera littattafan waƙa, nakan ɗauki sukudireba in bi fulogan nan ɗaya bayan ɗaya, na jita, na molo, na makirfo, in buɗe in duba. Matasa suna yi mini dariya, suna cewa Malam ya fara gaisawa da wayoyinsa. Nakan bar su su yi. Tabon da ke leɓen ɗan ƙanwata ƙarami ne, sai wanda ya sani yake lura da shi, amma ni daga inda nake tsayawa ran Lahadi ina ganinsa sarai.